Me Za Ka Saya Domin Rage Intanet Lokacin Karatu a Madina?

Ɗalibai 'yan uwa da suka iso Madina kwanan nan sukan tambaye ni abin da za su saya domin waya ta daina cinye musu lokacin muraja'a, wato bitar karatu, musamman idan jarrabawa ta matso. Na gwada hanyoyi huɗu, kuma ba zan ɓoye ba, ƙaramar waya mai madannai ita ce ta yi mini magani.

Hanyar farko ba ta buƙatar ko riyal ɗaya. Tun 2018 kamfanin Apple ya sanya Screen Time a cikin iPhone, Google kuma ya kawo Digital Wellbeing a wayoyin Android, dukansu suna ba ka damar ƙayyade mintunan da kowace manhaja za ta ci a rana. Matsalarsu ita ce mai kulle ƙofar shi ne mai riƙe da mabuɗin, sai dai idan ka ba wa abokin ɗakinka lambar sirrin. Manhajojin da ake biya, irin su Freedom, sun fi tsauri, amma kuɗin wata-wata yana da nauyi ga mai dogaro da mukafa'a, wato alawus ɗin da jami'a ke ba ɗalibai. Akwatin da ake kulle waya a ciki na wasu sa'o'i kuwa ban ga amfaninsa ba, domin ranar da mahaifiyarka ta kira daga gida ba za ka iya ɗauka ba.

Ƙaramar waya irin Nokia 105 ta bambanta da waɗannan duka, saboda ba ta jarraba haƙurinka ko kaɗan: mafi yawan abin da kake gudu babu shi a cikinta. Tana kira, tana karɓar saƙo, cajinta yana kai kwanaki, kuma za ka zauna a halkar karatu a Masallacin Annabi (SAW) daga La'asar har Isha'i ba tare da hannunka ya nufi aljihu ba. Sai dai a Saudiyya ba a rabuwa da babbar waya gaba ɗaya, tunda manhajojin gwamnati irin su Absher da Nafath da Nusuk duk a cikinta suke, kuma ko izinin shiga Rauda ta Nusuk ake nema. Abin da na yi shi ne na mayar da layina cikin ƙaramar, domin lambobin tabbatarwa na banki su riƙa shigowa can, babbar kuma na bar ta a ɗaki kan Wi-Fi, ina buɗe ta bayan Isha'i kawai. Kafin ka biya, ka nemi samfurin 4G, ka kuma gwada layinka a ciki tun kana kantin.

Inda na fi so a yi hattara shi ne jabu, domin nan aka taɓa cutata. Na sayi wata a wani ƙaramin kanti a kan riyal 45, kwalinta fes, sunan kamfani a rubuce ɓaro-ɓaro, ina ta murnar na yi arha. Ba ta yi mako biyu ba batirin ya kumbura har murfin baya ya ɗaga, saƙon banki kuma sai ya makara ko ya ƙi shigowa sam. Da na koma, mai kantin ya ce in kawo rasit, alhali shi ne bai ba ni ba. Arha ba ta ado, in ji masu iya magana.

Don haka ka danna *#06# a gaban mai sayarwa, lambar shaidar wayar, wato IMEI, mai alƙaluma 15 za ta fito, ka gwada ta da wadda ke jikin kwali da wadda ke ƙarƙashin batir. Idan suka saɓa, ka ajiye ta. Ka duba ko kwalin yana ɗauke da sunan HMD Global, kamfanin ƙasar Finland da ya karɓi lasisin yin wayoyin Nokia a 2016. Kada ka fita ba tare da rasit mai lambar QR da takardar garanti ba, domin da su ne za ka iya kai ƙara Ma'aikatar Kasuwanci ta lamba 1900 idan aka yi maka algus. Manyan kantuna irin su Jarir da eXtra sun ɗan fi tsada, amma wannan ƙarin kuɗin takarda kake saye da shi.

Jabun bai tsaya kan waya ba. Akwai manhajojin toshe intanet da ake yaɗa hanyar sauke su a zaurukan WhatsApp, waɗanda ke neman izinin ganin duk abin da ke kan fuskar wayarka, har da lambar sirrin banki. Wasu kuma su ce gwaji kyauta ne na kwanaki kaɗan, daga baya su riƙa cire kuɗi daga katinka ba ka sani ba. Idan dole sai ka yi amfani da manhaja, ka sauke ta daga Play Store ko App Store kawai, ka kuma shiga wurin rajistar biya ka soke sabuntawa tun ranar da ka sanya ta.