Yadda muka zaɓa wa 'yata obo tsakanin Landan da Paris

'Yan'uwa na gida, ina gaishe ku da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya. Wasunku sun nemi jin labarin sabon obon da muka saya wa 'yata a nan Landan, bayan da busarta ta wuce ƙarfin na koyo da ta fara da shi. Obo abin busa ne na katako mai tagwayen kara a baki, kuma shi ne ke ba sauran makaɗa sautin da suke daidaita kayansu da shi kafin a fara wasa.

Sharaɗi guda malamarta ta gindaya mana, wato kada daɗin sautin farko ya ruɗe mu. Akwai obon da muryarsa ke da kauri da daɗi tun daga busar farko, amma a nan take tsayawa, ko an matsa ko an sassauta, alhali ɗalibi yana bukatar wanda zai bi shi idan ya nemi laushi, ya kuma buɗe idan ya nemi ƙarfi. Na ga wannan da idona a ɗakin gwaji: yarinyar ta riƙe sauti ɗaya, ta taso da shi daga kamar raɗa har ya cika ɗakin, sannan ta mayar da shi a hankali. A obo na farko sautin ya yanke kafin ya gama sauka, a na biyu kuwa ya yi ta sirancewa har sai da numfashinta ya ƙare.

A Ingila sunan da aka fi ji shi ne na kamfanin Howarth, wanda ke ƙera obo tun 1948. Ɗaliban nan da yawa sun saba da wani maɓalli da ake dannawa da babban yatsan hagu, wanda tsarin Faransa bai dogara da shi ba, don haka ake ƙera wasu da tsarin biyu a haɗe. Abin da ya fi burge ni shi ne hidimar shago, domin an ba mu guda biyu mu tafi da su gida na mako guda, malamarta ta saurare su a natse.

A Paris mun gwada na Lorée, kamfanin da aka kafa a 1881, da na Marigaux. A kunnena na Marigaux ya fi cika da ɗumi, na Lorée kuma ya fi saurin sauya launin sauti. Sai dai a can na gane cewa rabin maganar tana wajen kara. Masu busa na Turai suna kankare ɗan gajeren wuri a bakinsa, Amurkawa kuwa suna yin doguwar kankara, bin tafarkin Marcel Tabuteau da ya yi busa a ƙungiyar makaɗan Philadelphia daga 1915 zuwa 1954. Saboda haka duk gwajin da muka yi, da kara uku nata da ta saba da su muka yi shi.

Katakon kuwa, wanda ake kira grenadilla, daga Tanzaniya da Mozambik ake kawo mafi yawansa, kuma yana tsagewa idan numfashi mai ɗumi ya shige shi cikin sanyi da bushewar iska. Kamfanin Fox na Amurka yana yin na roba mai tauri wanda ba ya tsagewa, kuma ban raina shi ba ko kaɗan ga mai farawa.

Mun tsaya a kan na katako mai tsarin biyu, wanda sautinsa na can ƙasa ke fita a hankali ba tare da ta yi kokawa da shi ba. A makonnin farko minti 15 kawai take busa shi a zama guda, ta goge cikinsa, ta mayar da shi akwati, kuma bayan wata shida za mu kai shi a sake daidaita maɓallansa.