Shagon mafarauta a cikin dalar Memphis

Takalmin roba mai kaiwa ƙirji na je saya a shagon Bass Pro Shops na birnin Memphis a Amurka, wanda suka buɗe a 2015 cikin wani gini mai siffar dala. Da hantsi na shiga, sai la'asar na fito. Ga fadama a tsakiyar shago, agwagi na iyo abinsu.

A wajen usur ɗin kiran agwagwa wani dattijo ɗan jihar Arkansas ya ji busata, ya kwashe da dariya. Ya ce ba kumatu ake cikawa ba, daga ciki iskar take fitowa. Ya kuma ja mini kunne: ranar farautar talotalo kada in sa ja ko shuɗi, kar wani ya ɗauka kan tsuntsun ne.

Takalmin kam ya ci kuɗi, amma har yau ruwa bai shiga ba.