Viofo A119 V3: za ta fitar da kai idan kyamarar Alapere ta ci ka tara?

Tun watan Fabrairun 2025 da gwamnatin Legas ta sanar da kafa kyamarorin auna gudu a Alapere da kan titin Mobolaji Bank Anthony, direbobi suka shiga neman kyamarar gaban mota da za ta zame musu shaida. Iyakar gudu a Alapere kilomita 80 ne a awa, a wajen Nitel na Mobolaji Bank Anthony kuma 60. Tarar wuce iyaka naira 50,000 ce. Ba wanda zai tare ka a hanya, saƙo kawai za ka gani a waya daga VIS, hukumar duba ababen hawa ta jihar. 'Yan uwa masu zirga-zirga tsakanin Mile 12, Ketu da Obalende, ko masu kai fasinja filin jirgi ta Maryland, su abin ya fi shafa.

Cikin kyamarorin da ake samu, A119 V3 ta kamfanin Viofo tana daga waɗanda suka dace da wannan aiki. A kasuwannin waje kuɗinta na kusan dala 100, a nan kuma yana bin tashin dala da saukarta. Sai dai kyamara kaɗai ba ta cin shari'a, kuma yawancin masu sayenta ba sa saita ta yadda za ta amfane su.

Hotonta 1440p ne, da rana ana karanta lambar motar gaba da allon gefen titi tar. Da dare ma ba laifi, sai dai fitilar motarka kan haske lambar ta gaba ta koma fari fat. Babban abin da ya sa ta fi ire-iren kyamarar 70mai A500S dacewa da Legas shi ne ba batir ne a cikinta ba, kafasita ce, wata 'yar ma'ajiyar wuta da ta fi batir jure zafi. Motar da ta wuni a rana a Agege, gilashinta a rufe, batir ƙarami ba ya jure wannan zafi, kumbura yake yi ya mutu.

Na'urar GPS ɗinta a jikin mariƙin da ake mannawa a gilashi take, kuma akwai kwalin da ke zuwa da mariƙi marar GPS. Idan za ka saya a kasuwar Computer Village ta Ikeja, ka sa a buɗe kwalin, a jona ta a mota a fili, ka jira alamar GPS ta kama kafin ka biya. Wadda ba ta rubuta gudu a ƙasan bidiyo ba ta da amfani a wannan magana.

Wajen saiti, abu uku ne ba a wasa da su. Yankin lokaci ya zama GMT+1, domin idan aka bar shi a sifili bidiyonka zai saɓa da lokacin da ke kan takardar tara da awa guda cif, lauyan gwamnati kuwa nan zai fara kamawa. Ma'aunin gudu ya zama kilomita, ba mil ba. Sannan a rage ƙarfin na'urar jin girgiza zuwa ƙasa, in ba haka ba duk ramin da ka faɗa sai ta kulle bidiyo, kati ya cika da tarkace.

Maganar mil ɗin nan ta fi ƙarfin saitin kyamara. Motocin tokumbo da suka fito daga Amurka, manyan lambobin agogonsu mil ne. Direba ya ga allura a kan 60 ya ɗauka yana ƙasa da iyaka, alhali yana kusan kilomita 97. Kilomita 80 mil 50 ne, kilomita 60 kuma mil 37. Da yawa daga masu rantsuwa cewa an zalunce su, nan matsalarsu take, kuma irinsu kyamarar kan tona musu asiri ne maimakon ta kare su.

Inda aka fi yin asara shi ne katin memori. Kyamarar na cin abin da ya kai gigabait 10 zuwa 12 a awa, idan kati ya cika kuma sai ta riƙa goge tsohon bidiyo tana ɗora sabo. Katin 64GB bai wuce tuƙin awa biyar zuwa shida ba. Mafi girman da take ɗauka 256GB ne, shi ma mai tuƙin awa takwas a rana kimanin kwana uku kawai zai ba shi. Saƙon tara kuwa ba lallai ya zo ranar ba. Don haka duk ranar da ka ratsa wurin kyamarar gwamnati, danna maɓallin gaggawa ya kulle wannan yanki, a ƙarshen mako ka kwashe zuwa kwamfuta. Ka sayi kati mai jure yawan rubutu irin SanDisk High Endurance, ka goge shi a cikin kyamarar kanta. Katin jabu yakan nuna girman da ba shi da shi, ranar da ake buƙata a tarar fayil ba ya buɗewa.

Nakasunta a fili suke. Ba ta da Wi-Fi, sai ka zare kati. Gaba kawai take ɗauka. Gudun da GPS ke nunawa yana makara da daƙiƙa ɗaya ko biyu idan ka taka birki ko ka ba da wuta, kuma yakan ɓace a ƙarƙashin gada.

Saƙo na zuwa, kada ka danna kowane adireshi da ke ciki, 'yan damfara ma na aika irinsa. Shiga PayVIS, shafin duba tara na hukumar VIS, da kanka, ka sa lambar motarka, ka duba hoton da rana da lokaci da wuri. Idan za ka ja, kada ka fara biya, domin biya tamkar amsa laifi ne. Ana iya ƙalubalantar tarar a gaban kotun tafi-da-gidanka ta jihar, inda majistare ke sauraro.

Abin da za ka riƙe: lasisi, takardun mota, kwafin sanarwar tara, asalin katin, da bidiyon a filashi ba tare da an yanke ko an gyara ba. Wanda aka turo ta WhatsApp ya matse, lambobin ƙasa ba sa fita sosai. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya buƙaci shaidar da ta fito daga na'ura ta zo da takardar da ke bayyana wane bidiyo ne, yadda aka samar da shi, da bayanin na'urar, da sa hannun mai kula da ita. Lauya zai rubuta maka ita a shafi guda. Wannan sharaɗi ya hau kan hoton gwamnati ma, kana da damar tambaya. Idan Turanci bai zauna maka ba, ka nemi tafinta tun farko, sashe na 36 na tsarin mulki ya ba wanda ake tuhuma wannan kyauta.

Jayayya a kan kilomita uku ko huɗu ba ta da ƙarfi, domin kotu za ta fi karkata ga na'urar hukuma a kan kyamarar kasuwa. Cewa rada, wato na'urar auna gudu, ta auna ka a karkace ma ba hujja ba ce, auna mota daga gefe rage gudu yake yi, ba ƙarawa ba. Inda A119 V3 ke aiki da gaske shi ne idan tazarar ta yi yawa, kamar takarda ta ce 105 bidiyo ya nuna 70. Ko kuma ya nuna tanka ko tirela na wuce ka a daidai wannan daƙiƙar, tunda babbar mota ta fi maido da siginar rada da ƙarfi. Ko allon iyaka ya faɗi ko an rufe shi da fosta. Mafi ƙarfi duka shi ne idan wani ya buga lambarka a motarsa: bidiyo mai lokaci da wuri ya nuna kana Apapa a sa'ar da aka ce kana Alapere. A irin wannan ka nemi a kawo cikakken hoton motar a gwada launi da ƙira, a kuma kawo takardar da ke nuna ranar da aka yi wa na'urar hukuma gwajin daidaito na ƙarshe.

Mai motar haya da mai tokumbo da ke bin waɗannan hanyoyi kullum, A119 V3 ta cancanci kuɗinta, amma da katin 128GB zuwa sama. Idan za a jona ta kai tsaye da wayoyin mota, a kai wa mai rewaya ya ɗauko wuta daga akwatin fis, kada ya fere waya ya ɗaure da salatif.