Hattara da masu tallan katin girafik "sabo a kwali" a Kaduna

Jama'a, musamman masu haɗa kwamfuta, masu tace bidiyo da masu shagunan gem, akwai wata damfara da ke yawo a guruf-guruf na WhatsApp da shafukan saye da sayarwa na Facebook a nan Kaduna. Mutum zai saka hoton katin girafik, wato na'urar da ake sa wa kwamfuta don sarrafa hoto da bidiyo, a kwalinsa, RTX 3070 ko 3080, ya ce sabo ne dal, ya yanka masa farashin da bai kai rabin na shago ba. Kana yi masa magana sai ya ce kaya suna Legas, ka tura rabin kuɗi a sa maka a mota, ka je tashar Mando ko Kawo ka karɓa. Sai kuma ya ɗora da zancen da ya fi kama mutane: wai in ka sa katin ya riƙa haƙar kirifto, wato yin lissafin da ake biya da kuɗin intanet, cikin 'yan watanni zai dawo maka da kuɗinka.

Da can maganar gaskiya ce, shi ya sa har yau take shiga kunne. Kamfanin Nvidia ya fito da RTX 3080 a Satumbar 2020 kan dala 699, amma a 2021 sai da aka riƙa sayar da shi ninki biyu, wani lokaci fiye, saboda masu haƙar kirifton Ethereum suna kwashe shi kwali-kwali, ga ƙarancin kayan haɗi da korona ta jawo. Abin ya kai kamfanin ya fito da samfurin LHR da aka rage wa ƙarfin haƙa da gangan. To amma ranar 15 ga Satumba 2022 Ethereum ta sauya tsari, ta daina amfani da haƙa kwata-kwata. Bitcoin kuwa tuntuni ba da irin wannan kati ake haƙarsa ba, injinsa daban ne, ASIC. Ƙananan kuɗaɗen da suka rage, da ƙyar suke biyan kuɗin wuta ko a ƙasashen da lantarki ke da araha, balle mu da aka kai 'yan Band A naira 225 kan yunit a Afrilun 2024, saura kuma sai janareto. Duk wanda ya yi maka tallan kati da sunan haƙa yau, ko bai san abin da yake faɗa ba, ko ya sani sarai.

Ina katunan da aka yi haƙar da su suka nufa? Kasuwa. Sun yi shekara ɗaya ko biyu suna aiki dare da rana cikin zafi, aka wanke su, aka manna sabuwar sitika, aka mayar a kwali. Sayar da na hannu ba laifi ba ne, wani ma yana da sauran rai sosai, in an faɗa maka ka saya da farashin na hannu. Kiransa sabo shi ne zalunci. Kuma dai katin da aka yi zubi biyu bayansa, jerin 40 a 2022 da jerin 50 a 2025, daga ina zai ɓullo sabo da rabin kuɗi? Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Akwai wanda ya fi wannan muni. Ana ɗaukar tsohon GTS 450 na 2010 a sauya masa manhajar ciki, kwamfuta ta riƙa nuna shi a matsayin GTX 1050 Ti. Wani yaron unguwarmu a Tudun Wada irinsa aka aiko masa. Windows ta nuna sunan daidai, yana buɗe gem hoto ya tarwatse, ya kira mutumin ya tarar an toshe lambarsa. Alamar a fili take ga wanda ya sani: in ka ga ramin VGA, mai shuɗin nan, a bayan katin da aka ce 1050 Ti ne, ka ajiye shi. A manyan katuna irin RTX 4090 har an sha kama waɗanda aka cire wa ƙwaƙwalwar gaba ɗaya, fanka da allo kawai suka rage.

Ban ga laifin mai neman sauƙi ba. RTX 5090 ya fito a Janairun 2025 kan dala 1,999, dalar da take wajen naira 460 a banki farkon 2023 ta haura 1,500 a 2024. Tsadar yanzu daga faɗuwar naira take da rububin kamfanonin ƙirƙirarriyar basira, kirifto ya riga ya fita daga lissafin.

Don haka kada sisinka ya fita sai kati ya shiga kwamfuta a gabanka. Ku haɗu a shagon mai gyaran da ka yarda da shi, ga su nan birjik a titin Ahmadu Bello. A buɗe manhajar GPU-Z mai nuna bayanan kati, kyauta ce, tana tona jabu da yawa. A sa manhajar gwajin kati ta FurMark ko gem mai nauyi na rabin awa, a ga ko zai yi zane-zane ko ya ɗauke. A gwada lambar jikin kati da ta kwali, a duba ko an taɓa kwance sukurorin baya. In sunan asusun da aka ba ka ya saɓa da na mai tallan, ko ya fara "Alhaji ka yi sauri, wani zai ɗauka", ciniki ya ƙare.

Wasunsu ma ba kati za su ba ka ba, cewa za su yi ka sayi "kaso" a gidan haƙarsu ana turo maka riba duk mako. Waɗanda manhajar zuba jarin kirifto ta CBEX ta rufta da su a Afrilun 2025 sun san ƙarshen irin wannan alkawari. Wanda ya riga ya tura kuɗi, ya garzaya bankinsa a ranar, ya ɗauki hoton hirarsu da shaidar tiransifa tun ba a goge ba, ya kai ƙara ofishin EFCC na Kaduna.