VS Code a tsohuwar laftof ɗina, abin da na gani

Salam 'yan uwa. Samari biyu a layinmu nan Nima, a Accra, sun dame ni da tambaya wai da wane edita, wato manhajar rubuta code, za su fara koyon haɗa shafin intanet, shi ya sa na ce bari in faɗi abin da na gani da idona.

Ni da Notepad++ na fara, kyauta ne kuma ba nauyi, sai dai a Windows kaɗai yake hawa kuma kusan komai da hannunka za ka buga. Daga nan na koma Atom, muna cikin shiri aka dakatar da shi a Disambar 2022, dole na tattara na koma VS Code na Microsoft, wanda tun 2015 ya fito kuma ko sidi ɗaya ba ka biya.

Wallahi abin da ya fara saye min zuciya Emmet ne, mai mayar da gajeren rubutu cikakken code, yana cikin VS Code tun asali. Ka buɗe sabon fayil na HTML, ka danna ! ka danna Tab, sai ka ga gangar jikin shafin gaba ɗaya ta zubo, har wurin sa take. Sai Live Server da na ɗora, ina gyara kalar CSS ina adanawa burauza tana sabunta kanta a gefe. Lokacin da nake yi wa gwaggona shafin shagonta na atamfa tana zaune kusa da ni tana cewa "ɗana, wannan jan ya yi yawa, rage shi", ina ragewa tana gani nan take, ranar ta yarda aiki nake ba wasa ba.

Ana cikin haka dumsor, wato ɗaukewar wutar lantarki, ya yi halinsa, batirin laftof ɗin ma dama ya mutu, ɗif ta ɗauke, gabana ya faɗi. Da wuta ta dawo na buɗe, komai na nan saboda na kunna Auto Save. Don Allah ku kunna shi tun ranar farko, yana ƙarƙashin File.

Amma ku sani VS Code yana son RAM, tunda a kan Electron aka gina shi, kamar burauza ce guda a cikinsa. Laftof ɗina ta hannu ce, a Circle nan Accra na saye ta, RAM 4GB kacal, kuma da farko na jibga masa ƙarin manhajoji kusan ashirin, fanka ta dinga kuka. Yanzu uku na bari: Live Server, Prettier mai tsara code da ESLint mai nuna kurakurai, kuma ta samu lafiya.

Sublime Text ma yana nan a ajiye, in zan gyara layi ɗaya da sauri shi nake buɗewa don kafin ƙiftawar ido ya tashi, sai dai lokaci lokaci yakan tuna maka ka sayi lasisi. Samarin nan dai VS Code na sa musu, jiya ƙaramin ya zo nuna min shafinsa na farko.