Tsohuwar Sho-Bud ko tsohuwar Emmons?

Jitar pedal steel a kwance ake kaɗa ta: hannun hagu na jan ɗan ƙarfe a kan tsarkiya, ƙafa na taka feda, gwiwa na tura sanda, sauti na lanƙwasawa. Cikin tsofaffin da ake gyarawa a Amurka, biyu sun yi fice.

Sho-Bud, wadda Shot Jackson da Buddy Emmons suka fara ƙerawa a 1957 a jihar Tenesi, ta fi kyan gani nesa ba kusa ba. Idan gwani ya goge katakonta ya sake shafe shi, har zanen itacen za ka ga yana walƙiya. Muryarta akwai taushi da zaƙi. Sai dai wasu ƙarafunan cikin na ƙarshe-ƙarshen ba su da ƙwari, dole a sauya su.

Emmons kuwa, ta kamfanin da aka kafa a 1963, ba ruwanta da ado, galibi fomika ce a jikinta. Saita sandunanta masu turawa da ja sai mai haƙuri, amma in ta zauna ta zauna. Amonta kaifi gare shi, yana keta ƙarar ganguna tar. Wannan amon ne ya sa ni dai Emmons zan ɗauka.