Siririyar laftof mai tsada: wa ta dace da shi a Kano, wa kuma ya kamata ya haƙura da ita

Tambayar da ake yawan yi min ita ce, tsakanin MacBook Air da Dell XPS 13 da ThinkPad X1 Carbon wacce zan saya? Ni kuma bana ba da amsa sai na ji aikin da mutum zai yi da ita da kuma inda zai zauna ya yi aikin, domin kuɗin da ake zubawa a irin waɗannan kwamfutocin ba ƙananan kuɗi bane, wani sai ya shekara yana tari, wani iyaye ne suka matse suka haɗa masa, kuma wallahi yana min ciwo in ga an saya saboda kyan gani kawai bayan wata shida a zo ana da-na-sani.

Bari mu fara da abin da suke da shi na alheri, don suna da shi kam, ba ƙarya.

Rashin nauyi shi ne na farko. MacBook Air mai M1, wato injin da Apple suka ƙera da kansu, da ta fito a 2020 kilo 1.29 ce, mai M2 ta 2022 kilo 1.24, X1 Carbon wajen kilo 1.1, LG Gram mai inci 14 ma bata cika kilo ɗaya ba. Laftof ɗin da muka saba da ita mai inci 15.6 kuwa tana kai kilo biyu, ga ƙatuwar caja da waya biyu a kai. A rubuce kamar ba wani bambanci, amma wanda yake fitowa daga Hotoro ya hau adaidaita sahu biyu ko uku kafin ya isa sabuwar BUK, jaka a bayansa cikin rana, ya dawo da yamma, shi ya san bambancin a kafaɗarsa.

Sai batir, kuma a ganina nan ne kuɗinka yake dawo maka a gari irin namu da wuta take zuwa ta tafi. Apple sun ce Air mai M1 tana iya kaiwa awa 18, a aikin yau da kullum da sikirin a haske da intanet a kunne ba za ka samu haka ba, amma rubutu da bincike da kallon darasi za ta wuni da kai ba tare da ka nemi soket ba. Abin da ya fi burge ni ma shi ne ƙarancin wutar da suke ci, cajar Air mai M1 wat 30 ce kawai, kuma dukkansu ta USB-C suke caji, kenan fawa bank mai ƙarfi irin mai wat 65 zai iya cika maka ita, ƙaramar sola ma ta ɗauke ta ba tare da ta ji a jikinta ba. Wanda ya taɓa tada janareta don kawai ya ƙarasa rubutun furojet ya san darajar wannan. Sai dai a kula, wannan yabon batir ɗin na Air masu M ne da kuma sababbin na Windows na kwanan nan, XPS ko X1 Carbon ta shekarun baya wacce aka yi amfani da ita a waje kafin ta iso nan, batir ɗinta ya riga ya sha wuya, kar wani ya ce maka za ta wuni.

Sikirin mai kyau, sifika mai kyau, jiki na alminiyom ko kabon da baya lanƙwasa, duk waɗannan suna nan, ba sai na tsaya a kansu ba, da ka riƙe ta a hannu za ka gani.

To yanzu ga inda gizo ke saƙa. Don a samu siririn jikin nan sai da aka liƙe kusan komai a jikin bod, wato babban allon da ke cikin kwamfutar. Ram ɗin Air, ram ɗin XPS 13, ram ɗin X1 Carbon, duk a liƙe suke, babu ramin da za ka zare ka ƙara. Idan ka sayi mai 8GB to kai da 8GB har ranar da za ka rabu da ita. Mu kuma a nan mun saba da a sayi ƙarama a lallaɓa, in kuɗi sun samu a je a ƙara ram, wannan dabarar bata aiki a nan sam. Shi yasa duk wanda ya tambaye ni nake ce masa in dai siririya za ka saya to 16GB ko ka haƙura, Apple da kansu tun ƙarshen 2024 suka daina sayar da sabuwar Air mai 8GB suka mayar da 16GB mafi ƙanƙanta, kaga ai sun san abin da suke yi. A Air ma'ajiyar SSD ɗin ma a liƙe take, haka XPS 13 samfurin 9315 na 2022, ma'ana idan bod ya mutu to fayilolinka sun shiga haɗari tare da shi, ba kamar tsohuwar kwamfuta da za a zare hard disk a saka a wata a kwashe maka kayanka ba. X1 Carbon ta fi su a nan, SSD ɗinta ana cirewa a canza. Dan Allah duk mai irin wannan kwamfuta ya riƙa ajiye kwafin aikinsa a wani wuri, musamman ɗalibai masu rubutun digiri.

Zafi. Apple sun rubuta cewa kwamfutarsu a yi aiki da ita a yanayin da bai wuce digiri 35 ba, mu kuma a watan Afrilu da Mayu Kano tana haura 40, a ɗaki mai rufin kwano ba wuta ba fanka kuwa sai wanda ya zauna. Air mai M bata da fanka a ciki kwata-kwata, wannan yana da daɗi ta fuska biyu, bata ƙara kuma bata zuƙar ƙura, amma idan ka ɗora mata aiki mai nauyi na dogon lokaci kamar haɗa bidiyo mai tsawo sai ta ɗau zafi ta rage gudu da kanta don ta kare kanta. XPS da X1 Carbon suna da fanka amma ƙanana ne, hanyar iskar ma siririya, lokacin hunturu in hazo ya sauka ƙura tana shiga ta taru. Ka tsaya wajen mai gyara ranar da ya buɗe irin wannan ka gani, a bakin fankar za ka tarar da ƙura ta dunƙule ta yi kauri ta toshe ƙananan ramukan da iska ke fita, sai ya sa burushi da abin hura iska ya fitar da ita, mai kwamfutar kuma yana ta mamaki wai shi ai a jaka yake ajiye ta. Zafin nan shi ke kumbura batir, alamar farko za ka ga wajen da ake shafa yatsa ya ɗan taso sama ko ya ƙi dannuwa, ko murfin ƙasa ya ɗan buɗe ta gefe. Da ka ga haka ka daina caji ka kai a canza, ba abin wasa bane. Kuma a daina ɗora ta a kan katifa ko filo ana aiki.

Ramukan haɗi kuwa nan Dell suka fi ba ni haushi. XPS 13 ta 2022 ramin USB-C biyu kawai gare ta, ko ramin iyafis babu, XPS 13 Plus kuma suka cire layin maɓallan sama na gaske suka sa na taɓawa mai haske. Air mai M1 ma biyu ne da ramin iyafis, in kana caji saura ɗaya, daga M2 ne suka dawo da cajar maganaɗisu ta MagSafe ramukan biyu suka zama naka. Ka ɗauka an kira ka gabatar da aiki a ɗakin taro, furojekta tana da wayar HDMI ko ma tsohuwar VGA, wani ya miƙo maka filash irin wanda kowa ke da shi, kai kuma ka manta adafta a gida, shikenan sai ka koma aron kwamfutar wani. X1 Carbon duk da ta fi su rashin nauyi tana da ramin USB babba guda biyu da HDMI a jikinta, Asus Zenbook 14 ma tana da HDMI da babban USB ɗaya. Ga malami ko ma'aikacin ofis ko ɗan ƙungiya mai yawon tarurruka wannan kaɗai ya isa ya yanke hukunci.

Sai maganar manhaja, wacce mutane ke mantawa sai sun kai gida. Idan kai ɗalibin zanen gine-gine ne ko injiniya ko mai aikin taswira, Revit da ArcGIS Pro a Windows kawai suke aiki, kuma Mac masu M ba a sa musu Windows kai tsaye kamar yadda ake yi wa na Intel a da, sai ta wata manhaja ta daban. Ko da ta Windows ce ma, siraran nan mafi yawansu basu da katin girafik na daban, aikin 3D mai nauyi ko gem ba nasu bane. Akwai kuma na Windows masu injin Snapdragon X da suka fara fitowa a 2024, batir ɗinsu yana da kyau sosai amma wasu tsofaffin manhajoji da direban wasu firinta basa tafiya a kansu, ka tabbatar da naka kafin ka biya.

Gyara shi ne abin da nake so kowa ya yi tunani a kai tun kafin saye. Sikirin ɗin Air ko XPS in ya fashe yawanci murfin sama gaba ɗaya ake canzawa, kuɗinsa kuma zai iya sayen wata laftof ta hannu mai kyau. Kayan wasu samfurin sai an aika Legas, kasuwar kwamfuta ta Ikeja, ko ma a jira daga waje. Kayan HP da Lenovo da Dell na ofis kuwa sun cika gari, batir, kibod, sikirin, caja, duk mai gyara ya san cikinsu.

Wannan ne ya kawo ni kan zaɓin da bana gajiya da faɗa wa mutane, wato matsakaiciya. HP EliteBook 840, daga G5 zuwa G8, nauyinta tsakanin kilo 1.3 ne da 1.5, ba wani nisa da siraran ba, amma tana da ramin ram guda biyu, kana iya farawa da 8GB ka ƙara daga baya, SSD ana canzawa, batir ana kwancewa da sukurdireba. Bata kai Air daɗewar batir ba, sikirin ɗin wasu ma dishi-dishi ne, wannan gaskiya ne. Amma ga ɗalibin da kuɗinsa a ƙirge suke, ko mai shagon buga takardu, ko wanda ya san in ta lalace bashi da kuɗin wata, ni ita zan ce ya ɗauka ba tare da jin kunyar kowa ba.

Idan kuwa aikinka rubutu ne da bincike da koyon kodin da ɗan gyaran hoto, kana yawo da yawa, wuta kuma bata zama a unguwarku, Air mai M da 16GB ita ce kan gaba, ban ga wacce ta kamo ta a wannan fannin a kuɗinta ba. Mai M4 da ta fito a 2025 dala 999 aka sa mata a Amurka a lokacin, a nan kuma farashi yana bin canjin dala ne, sai ka zagaya shaguna ka ji na ranar. Wanda dole sai Windows kuma yana rubutu da yawa, X1 Carbon, kibod ɗinta ya fi na sauran daɗin bugawa. XPS 13 kyakkyawa ce ƙwarai amma a ukun nan ita zan sa a ƙarshe ga mazaunin Kano, saboda ramuka da kuma gyara.

Yawancinmu Landan yus muke saya, to a nan sai an buɗe ido. Kar ka sayi Air ta 2018 ko 2019 duk arhar ta, kibod ɗinsu irin wanda ƙura kaɗan ke maƙale wa ne har Apple suka daina yin sa, kuma Intel ce a ciki, su kuma sun sanar a 2025 cewa macOS Tahoe ce ta ƙarshe da za ta hau kan Mac masu Intel. A ɓangaren Windows, Microsoft sun daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma a ƙa'ida tana buƙatar Intel ƙarni na 8 zuwa sama, don haka in aka ce maka "Core i7 ce Alhaji" ka tambayi ƙarni na nawa, i7 ta ƙarni na 6 sunan ne kawai ya rage mata.

A shagon, ko a Farm Centre ne ko titin Beirut ko duk inda ka je, kar ka yi sauri, ka nemi kujera ka zauna da ita. In Mac ce a goge ta a gabanka a haɗa da intanet a sake saita ta daga farko, in ta nemi iCloud ɗin wani ko ta nuna wani kamfani ko makaranta ne ke kula da ita to ajiye ta, ko an ce za a cire maka. Ka duba adadin zagayen cajin batir a bayanan na'urar, Apple sun ƙera shi ne ya kai wajen 1000, wanda ya yi nisa ka sa kuɗin sabon batir a lissafi. In ta Windows ce ka shiga BIOS, wato shafin saitin da ake shiga yayin kunna ta, ka ga ba fasawod, sannan a cikin Windows ka buɗe Command Prompt ka buga powercfg /batteryreport ka kwatanta ƙarfin batir na asali da wanda ya rage. Buɗe farin shafi ka ƙure haske ka nemi tabo, danna kowane maɓalli ɗaya bayan ɗaya, gwada caji a kowane rami don wani lokacin ɗaya ya mutu ba a faɗa ba, ka buɗe murfin ka rufe ka ji ko yana ƙara. A rubuta maka rasit da lambar jikin kwamfutar da kwanakin gwajin da kuka yi yarjejeniya. Cajar ma ka dube ta da kyau, in ba ta asali bace ka cire kuɗinta daga ciniki ka je ka sayi mai kyau, don jabun caja da wutar da ke hawa da sauka su ne ke ƙona bod ɗin da komai naka yake liƙe a kai.